Tambaya da Amsa: Bindigar da Aka Ba Ɗan Tawaye, a Hannun Wa Take Kwana?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan mujalla baki ɗaya, ina da tambayar da ta daɗe tana haddasa gardama tsakanina da abokan zamana a fadarmu. Idan yaƙin basasa ya ɓarke a wata ƙasa, gwamnati tana kashe mutanenta ba ji ba gani, wasu daga cikin ƴan ƙasar kuma suka ɗauki makami domin su kawar da ita, shin ya dace wata ƙasa ta daban ta ba waɗannan ƴan tawaye makamai? Ni dai ina ganin ya dace, domin wanda ake zalunta yana da haƙƙin a kawo masa ɗauki, kuma naɗe hannu ana kallo shi ma goyon bayan azzalumi ne. Abokaina kuwa suna cewa abin da aka yi a Libiya ke nan, ga shi yanzu mu ne muke ɗanɗana kuɗarmu. Ina roƙon a yi mana bayani ta fuskar tarihi da doka, in da hali kuma a taɓo abin da addini ya ce.

Daga wani malamin makaranta, unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam, mun gode da wannan tambaya. Amsata ita ce a mafi yawan lokuta bai dace ba, saboda haka na fi kusa da abokanka a wannan gardama, ko da yake hujjar da ka kawo ba abar yarwa ba ce, kuma zan ba ta haƙƙinta a gaba.

Tushen matsalar shi ne makami ya fi dalilin da ya sa aka ba da shi tsawon rai. Bindigar nan ƙirar Kalashnikof tana iya shafe shekara 30 ko 40 tana aiki in dai ana goge ta ana sa mata mai, alhali tawayen da aka kawo ta dominsa yana iya mutuwa cikin shekara biyu, shugabanninsa su rarrabu, mayaƙansa su watse kowa da abin da ke rataye a kafaɗarsa. Idan ƙasa ta sayar wa gwamnati makamai, akwai takardar da minista ya sa wa hannu cewa rundunarsu ce za ta yi amfani da su, akwai rumbun ajiya da rajista, akwai lambar da aka buga a jikin kowace bindiga wadda za a iya bin sawunta. Ɗan tawaye kuwa a ɓoye ake ba shi, galibi ta hannun ƙasa ta uku da dillalai, wani lokaci har kankare lambar ake yi da gangan domin kada a gane mai bayarwa. Wanda ya ba da kaya ta wannan hanya ya riga ya sallama ikon sanin inda za su ƙare, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mu ɗauki Libiyar da abokanka suka ambata, domin a kanta ne mutanen Nijar suka fi kowa cancantar yin magana. Bore ya tashi a Bengazi a watan Fabrairun 2011, kuma a ranar 26 ga watan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1970, wanda ya haramta shigar da makamai ƙasar. A ranar 17 ga Maris aka ƙara da ƙuduri na 1973, wanda ya hana jirage shawagi a sararin samaniyar Libiya, ya kuma ba da izinin ɗaukar matakan kare fararen hula. Duk da wancan haramci, a watan Yuni rundunar sojan Faransa ta amsa da bakinta cewa ta jefa wa ƴan tawaye makamai ta sama a yankin duwatsun Nafusa, ƙasar Katar ma ta aika nata, jiragen ƙungiyar ƙawancen tsaron ƙasashen Yamma ta OTAN kuwa suna ta luguden wuta a kan dakarun gwamnati. A tsakiyar wannan hali Tarayyar Afirka ta naɗa kwamitin shugabanni biyar, ciki har da na Mali da Muritaniya da Afirka ta Kudu, aka kai tayin sulhu a watan Afrilu, Gaddafi ya ce ya karɓa, ƴan tawaye suka yi fatali da shi saboda bai tanadi saukarsa daga mulki ba. Ba abin mamaki ba ne, domin wanda ya san jiragen manyan ƙasashe suna bisa kansa, akwatunan harsashi kuma suna tafe, ba shi da wani dalilin zama a teburin sulhu.

An kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoban 2011. Gaskiya ta sa a faɗi cewa mafi yawan makaman da suka bazu bayan haka ba waɗanda aka jefa wa ƴan tawaye ba ne, na rumbunan gwamnati ne waɗanda Gaddafi ya shafe shekara 40 yana cika su da kuɗin fetur. Sai dai rumbunan sun fashe ne sakamakon nasarar da aka ɗaure wa gindi daga waje, kuma ƙasashen da suka yi wannan aiki ba su ajiye rundunar da za ta tsare ƙofofin ba, suka tattara jiragensu suka koma gida. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A ranar 17 ga Janairun 2012 mayaƙan da suka dawo daga Libiya da motoci cike da makamai suka far wa garin Menaka na Mali, a ranar 22 ga Maris sojoji suka kifar da gwamnatin Amadu Tumani Ture a Bamako, kafin a ce kwabo Kidal da Gawo da Tumbuktu sun kuɓuce wa gwamnati, sannan masu da'awar jihadi suka ture ƴan awaren da suka fara tawayen suka karɓe garuruwan. A ranar 23 ga Mayun 2013 wutar ta iso cikin gidanmu, aka kai hari barikin sojan Agadas da ma'aikatar uraniyom ta Arlit a safiya ɗaya. Tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou ya sha faɗa cewa tun a taron ƙasashe takwas masu ƙarfin arziki da aka yi a Faransa a watan Mayun 2011 ya gargaɗi shugabannin Turai da Amurka game da abin da rushewar Libiya za ta haifar wa Sahel, ba a saurare shi ba. Tsakanin Faransa da Libiya akwai teku, mu kuwa abin da ya raba mu da ita kimanin kilomita 350 ne na iyaka a cikin hamada.

Su ma abokanka akwai abin da ya kamata su tuna, domin na san da yawa a Maraɗi suna kewar Gaddafi, suna ganin shi ne aka zalunta kawai. A nahiyar nan da wuya a sami shugaban da ya kai shi ba ƴan tawayen wasu ƙasashe makamai. Ya yi haka a Cadi shekara da shekaru, yana ɗaga wannan ɓangare yau ya ɗaga wancan gobe, kuma a sansanonin Libiya ne Charles Taylor na Laberiya da Foday Sankoh na Saliyo suka sami horo. Taylor ya kutsa Laberiya a watan Disambar 1989, ƙungiyar Sankoh ta RUF kuma ta shiga Saliyo daga Laberiya a watan Maris na 1991, ta yi ƙaurin suna wajen datse wa talakawa hannuwa da ɗaukar ƙananan yara aikin soja. A watan Afrilun 2012 kotun musamman ta Saliyo ta kama Taylor da laifi, a watan Mayu aka yanke masa ɗaurin shekara 50, kuma babban abin da aka kama shi da shi shi ne taimaka wa waɗannan ƴan tawaye da makamai da harsashi yana karɓar lu'ulu'u. Ka ga ke nan ba Turawa kaɗai ke wannan ɗabi'a ba, kuma ɓarnarta ba ta raguwa don mai bayarwar ɗan Afirka ne.

Akwai kuma ramuwar gayya, wadda masu goyon bayan wannan hanya ba su cika sa ta a lissafi ba. Maƙwabciyarmu Cadi da Sudan sun shafe shekaru kowace tana kiwon ƴan tawayen ɗaya. A watan Afrilun 2006, sannan a Fabrairun 2008, ƴan tawayen Cadi da suka taso daga ɓangaren Sudan sun shiga har cikin Injamena, a karo na biyu ma sun kai ga kewaye fadar Idris Debi. Bayan wata uku, a Mayun 2008, ƴan tawayen Darfur na ƙungiyar JEM suka ratsa hamada suka isa Omdurman, tsallaken kogi da Khartum. Sai da ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniya a Janairun 2010, suka kafa rundunar haɗin gwiwa a kan iyaka, sannan ƙurar ta lafa. Yadda tawayen gabashin Cadi ya yi sanyi da zarar an rufe masa hanyar samun kaya ya nuna inda ƙarfinsa yake tun farko.

Za ka iya cewa ai wani lokaci ana cin nasara. Haka ne, amma a duba abin da nasarar ke barin baya. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga Afganistan a Disambar 1979, Amurka da Saudiyya suka zuba kuɗi da makamai ga mujahidai ta hannun hukumar leƙen asirin Pakistan, daga 1986 har da makamin kakkaɓo jirgi da ake harbawa daga kafaɗa mai suna Stinger. A Fabrairun 1989 Sobiyet ta janye, aka ce an yi nasara. Da gwamnatin Kabul ta faɗi a 1992, ƙungiyoyin da aka ba makamai suka juya wa juna, suka ragargaza birnin da hannunsu, har Taliban ta karɓe shi a 1996, ita kuwa Amurka ta koma neman sayen makaman da ta raba kyauta, daga bisani ta shigo ƙasar da kanta a 2001 ta yi shekara 20. A Angola, inda Amurka da Afirka ta Kudu suka tsaya wa ƙungiyar UNITA ta Jonas Savimbi, Kyuba da Sobiyet kuma suka tsaya wa gwamnatin MPLA, an yi yaƙi daga 1975 zuwa 2002, bai tsaya ba sai makonni kaɗan bayan an kashe Savimbi.

Siriya ce ta fi kama da misalin da ka bayar, domin gwamnatin Bashar al-Assad ta yi wa mutanenta ta'asar da ba mai musunta. Ƙasashe da dama sun ba ƴan tawaye makamai, kowace da ƙungiyar da take so, abin da ya ƙara rarraba kansu. Amurka ta ware dala miliyan 500 domin horar da mayaƙan da za su yaƙi ƙungiyar IS, amma a Satumbar 2015 Janar Lloyd Austin ya gaya wa majalisar dattawan ƙasarsa cewa huɗu ko biyar ne kawai daga cikinsu ke fagen daga. A wannan watan ne kuma Rasha ta shigo da jiragenta domin ceto Assad, saboda duk lokacin da aka ƙarfafa ɓangare guda, masu gidan ɗaya ɓangaren su ma sai su ƙara nasu. Assad ya faɗi ranar 8 ga Disambar 2024, gaskiya ne, amma bayan shekara 13 na yaƙi, da mutuwar dubban ɗaruruwan mutane, da miliyoyin da suka bar gidajensu.

Ta fuskar doka maganar a fili take. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana ƙasa amfani da ƙarfi a kan wata, sanarwar da babban zauren majalisar ya amince da ita a 1970 kuma ta fayyace cewa bai halatta ƙasa ta shirya, ko ta taimaka, ko ta ɗauki nauyin ayyukan masu ɗauke da makamai da ke neman kifar da gwamnatin wata ƙasa ba. An gwada wannan a gaban alƙalai lokacin da Nikaraguwa ta kai ƙarar Amurka Kotun Duniya saboda horarwa da makaman da take ba ƴan tawayen Kontra. A ranar 27 ga Yunin 1986 kotun ta yanke hukuncin cewa Amurka ta keta dokar ƙasa da ƙasa, ta kuma yi nuni da cewa in aka ce roƙon ƴan adawa ya isa hujjar tsoma baki, to babu abin da zai rage na ƙa'idar hana shisshigi, tunda babu ƙasar da ba ta da masu adawa. Amurka ta ƙi bin hukuncin, kuma babu ɗan sandan da zai je ya kamo ta, wannan kuwa tsohon ciwo ne na dokar duniya. Amma ƙananan ƙasashe irin tamu su ne suka fi kowa buƙatar a riƙe wannan ƙa'ida, domin ranar da aka halatta wa kowa ya zaɓi ƴan tawayen da yake so ya ɗaura musu ɗamara, mu ne filin da za a yi gwajin. A nan yammacin Afirka ma yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 kan ƙananan makamai ta haramta miƙa su ga ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba, sai da izinin ƙasar da za a kai su.

Yanzu mu dawo kan hujjarka, cewa naɗe hannu goyon bayan azzalumi ne. Tarihin Afirka yana ba ka shaida mai ƙarfi. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa Kwamitin Ƴantarwa tun 1963, mazauninsa a Darussalam ta Tanzaniya, kuma aikinsa shi ne tara wa masu gwagwarmaya kuɗi da horo da makamai. Da irin wannan taimako ne PAIGC ta Amilcar Cabral ta yaƙi Turawan Fotugal a Gini Bisau, FRELIMO ta yi a Mozambik, SWAPO a Namibiya, ANC kuma ta tunkari mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Babu ɗan Afirka mai hankali da zai ce an yi kuskure. Sai dai a lura da abin da ya bambanta wancan yanayi da yaƙe-yaƙen yau: abokin gaban baƙon mai mulkin mallaka ne ko tsirarun da suka hana mafi rinjaye ƙuri'a saboda launin fatarsu, nahiyar ce gaba ɗaya ta yanke shawara a bainar jama'a, ƙungiyoyin kuma suna da sanannun shugabanni da tsarin siyasa da za a iya tuhumarsu a kansa. Ko da hakan, a Angola inda masu gwagwarmayar suka kasu uku, bindigogin ƴantarwar ne suka zama na yaƙin basasa.

Misali na biyu da ke goyon bayanka shi ne Ruwanda. A 1994 an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kusan kwana 100, duniya tana kallo, kuma wanda ya tsayar da kisan ƙungiyar ƴan tawaye ce, RPF, wadda ta taso daga Yuganda da goyon bayanta. In akwai inda ba ɗan tawaye makami ya ceci rayuka, to nan ne. Amma bayan shekara biyu gwamnatin da waɗannan ƴan tawaye suka kafa ita ma ta shiga ɗaure wa ƴan tawayen Kwango gindi, a 1996 da kuma 1998, kuma har a Janairun 2025 da ƙungiyar M23 ta kama birnin Goma, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun riga sun bayyana cewa da taimakon Ruwanda take yaƙi. Saboda haka ban ce ƙofar a rufe take ruf ba, amma ƴar ƙarama ce ƙwarai, kuma ba ƙasa guda ce za ta buɗe wa kanta ita a asirce ba. Dokar da ta kafa Tarayyar Afirka, wadda aka amince da ita a Lome a shekarar 2000, ta ba tarayyar ikon shiga ƙasar da ake kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi, amma sai da shawarar taron shugabanni.

Akwai darasin da ya fi duk waɗannan kusa da mu, wato yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970. Faransa a ƙarƙashin Janar De Gaulle ta riƙa aika wa ƴan aware makamai ta hanyar Gabon da Kodibuwa, kuma masu goyon bayan hakan hujjarsu irin taka ce, sun ce an kashe Ibo da yawa a arewacin Najeriya a 1966, ga kuma hotunan yaran da yunwa ta tsotse. Shugaba Diori Hamani, duk da irin dogaron da Nijar take yi da Faransa a wancan lokaci, ya ƙi bin wannan layi, ya tsaya tare da gwamnatin Janar Gowon, sannan ya karɓi baƙuncin tattaunawar sulhu a Yamai a watan Yulin 1968. Ya san cewa gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta jirgin ƙasan Kano take bi ta kai bakin teku, ya san dangin da ke Katsina da Daura da Sakkwato su ne dangin da ke nan, kuma Najeriyar da ta tarwatse ba za ta bar Nijar ta zauna lafiya ba. Masana tarihi da dama suna ganin makaman Faransa ba su isa su ba Biyafara nasara ba, sun dai isa su tsawaita yaƙin, tsawaitarsa kuwa ita ce ta ƙara yawan yaran da yunwa ta kashe, su ɗin da aka ce dominsu ake yi.

Game da addini, Alƙur'ani ya yi kira da a tsaya wa waɗanda aka raunana, kamar yadda ya zo a aya ta 75 ta Suratun Nisa'i, saboda haka tausayin da ya motsa ka yana da asali. Amma aya ta 9 ta Suratul Hujurat, wadda ta yi magana kai tsaye kan ƙungiyoyi biyu na muminai da suka kama faɗa, ta fara ne da umarnin a yi sulhu tsakaninsu, sai in ɗaya ta yi zalunci ta ƙi sannan a yaƙe ta har ta dawo kan hanya, in ta dawo kuma a sake yin sulhu bisa adalci. Wanda aka ɗora wa wannan aiki al'umma ce da ta tsaya a fili ta ɗauki nauyin abin daga farkonsa har ƙarshensa, wanda ya sha bamban da mai tura akwatuna cikin dare ya koma gefe. Malaman fiƙihu kuma, ciki har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, sun hana sayar da makami a lokacin fitina ga wanda ake kyautata zaton zai zubar da jinin da bai halatta ba, bisa ƙa'idar toshe kafar ɓarna, kuma sanannen abu ne a wurinsu cewa kauce wa ɓarna yana gaba da janyo amfani.

Tsakanin ba da bindiga da naɗe hannu akwai aiki mai yawa, Malam. Ana iya hana azzalumar gwamnati sayen makamai, a riƙe dukiyar shugabanninta da ke waje, a tattara shaidun laifukansu domin ranar shari'a, a buɗe wa masu gudu ƙofa kamar yadda ƙauyukan Gidan Runji suka buɗe wa dubban ƴan'uwanmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina a 2019. Tawayen arewacin ƙasarmu na shekarun 1990 ma da shiga tsakanin Aljeriya da Burkina Faso da Faransa ya kai ga yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, wadda har yau muke hutu domin tunawa da ita, a shekarar 2000 kuma aka tara bindigogi aka cinna musu wuta a Agadas. Da a ce wata ƙasa ta ɗauki wancan tawaye ta riƙa yi masa jigilar makamai yadda aka yi wa UNITA, da wuya a ce an kai ga wannan rana cikin ƴan shekaru.

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ina jin mutane suna cewa duk bindigogin da ɓarayin daji ke addabar mu da su a kan iyaka daga Libiya suka fito. Shin haka ne?

Daga wata ƴar kasuwa, Madarumfa.

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai gaskiya a maganar, amma ba duka ba ce. A shekarun farko bayan 2011 makaman Libiya sun kwararo ta hamada, ta mashigin Salbado da yankin Agadas, wasu suka nufi Mali, wasu tafkin Cadi, wasu kuma suka gangaro kudu har dazuzzukan da suka haɗa mu da Zamfara da Katsina, irin su Baban Rafi da Rugu. Daga baya, da yaƙi ya sake ɓarkewa tsakanin ƴan Libiya su kansu a 2014, buƙatar makamai ta ƙaru a can cikin gida, kwararar ta ragu, dillalai suka nemi wasu kafofi.

Masu binciken da ke bin lambobin bindigogin da aka ƙwace a Katsina da Zamfara da Kaduna sun tarar da na Libiya, amma sun kuma tarar da waɗanda suka fito daga rumbunan Kodibuwa, ƙasar da ta yi nata yaƙin basasar daga 2002, da waɗanda asalinsu na jami'an tsaron Najeriya ne. A duk faɗin Sahel, kowane barikin soja da aka far wa, kamar yadda ya faru a Inates a Disambar 2019 da Cinagodar a Janairun 2020, yana iya zama sabon tushen makamai ga masu kai harin, daga nan kuma wasu su shiga kasuwa. Akwai na teku, domin a 2017 kaɗai hukumar kwastan ta Najeriya ta kama bindigogi fiye da 2,000 a Legas cikin kwantenoni, akasari daga Turkiyya. Ga kuma na maƙeran gida, waɗanda suka wuce matsayin bindigar toka ta mafarauta tun da daɗewa. Iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma abin da ba ya iya bi ta Ɗan Isa da Jibiya yana bi ta hanyoyin babura.

A Nijar akwai hukumar ƙasa mai tattarawa da sa ido kan haramtattun makamai, wadda aka kafa tun 1994, kuma tana karɓar bindiga daga wanda ya miƙa ta don kansa. Sai dai bindiga sau ɗaya ake sayenta, harsashi kuwa kullum sai an sake kawowa, shi ya sa safararsa ta fi yawa, kuma an sha kama shi a ɓoye cikin buhunan hatsi da jarkokin manja, a hannun direbobi da mata da aka biya kuɗin dako. Tunda sana'arki ta haɗa da hawa motocin kasuwa, Hajiya, kada ki yarda wani ya haɗa ki da ɗaurarren kaya ya ce ki miƙa wa wane a gaba, sai an kwance shi a gabanki kin ga abin da ke ciki, domin in jandarmomi suka tare motar, wanda kayan ke hannunsa shi za a fara tuhuma.